Sanda Duba-Waya da Katin Ajiya

Duk wanda ya taɓa kiran marigayi Sanda don kwamfutarsa ta ƙi hawa netwok ya san yadda abin yake tafiya. Sai ya fara gaishe ka tukuna, gaisuwa irin ta mutanen Bakura wadda ba ta san gaggawa ba: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ɗiya, ina ruwa, ina mai jiki. In ka ce babu mai jiki, sai ya laluba cikin danginku ya samo maka ɗaya. Kai kuwa kana can kana zufa, mutane sun cika maka ofis, kiredit ɗinka yana ƙonewa. Sai ka amsa duka sannan zai bari ka faɗi abin da ya sa ka kira. Ka yi ta zuba bayani, ka jero manyan kalmomin da ka sani da waɗanda ba ka sani ba. Ya saurare ka har ka kai ƙarshe. Sannan ya ce:

"Ka duba waya?"

Ba wayar hannu yake nufi ba. Wayar netwok yake nufi, wannan mai shuɗin baya da ke fitowa daga bayan kwamfuta ta bi gindin bango. Daga nan sunan ya samo asali. Sunansa na yanka Ummaru, shi ya sa ake ce masa Sanda, amma daga Talata Mafara har Maradun in ba ka ƙara da Duba-Waya ba, sai a tambaye ka wane Sandan.

Ku da kuka san mu kun san ni ɗan kawunsa ne, mahaifiyarsa ƙanwar babana ce. Taubasai muke, babu kunya tsakaninmu tun muna tsallaka katangar mutane. Yana ce mini Ɗan Kawu, ina ce masa Ɗan Gwaggo. Ni na buɗe cibiyar kwamfuta a Mafara inda ɗalibai ke rubuta jarrabawa, shi kuma ya zama mai gyaran kwamfutocin ƙasar nan gaba ɗaya, yana yawo bisa wani tsohon mashin da ake jin zuwansa kafin a gan shi.

Tambayar tasa ba ta tsaya ga kwamfuta ba. Wata rana muna zaune ƙofar gidansa, wani maƙwabcinsa ya zo da ƙorafi, wai uwargidansa ta daina yi masa magana, ya rasa laifin da ya yi. Ya kawo dogon tarihi, har da zargin ko an yi musu asiri. Sanda ya saurare shi tsaf.

"Ka duba waya?"

"Wace waya kuma, Injiniya? Maganar iyali nikai maka!"

"Yaushe rabonka da ka shiga ka ce mata sannu da aiki?"

Mutumin ya shiga lissafi da ido.

"To ka gani. Waya ta hita. Tahi ka mayar."

Na taɓa raka shi Maradun, wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. A lokacin hanyar ba kowa ke son binta ba saboda rashin tsaro, don haka Sanda ya yi iya ƙoƙarinsa a gama maganar ta waya. Manajan asibitin ya ce kwamfutocinsu duka sun daina ganin juna, ba a iya buɗe bayanin majinyaci, mutane na layi tun safe. Sanda ya yi masa tambayar da kuka sani. Manaja ya fusata.

"Injiniya, wallahi na duba! Na duba, na sake dubawa. Wanga aiki ya hi ƙarhin waya, sai ka zo da kanka."

Muka hau mashin muka tafi, ina baya ina karanto duk addu'ar da na haddace. Da muka isa, sai da Sanda ya gaisa da maigadi, da masu jinya, da majinyatan da ke kan benci ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya shiga ɗan ɗakin da kayan suke. Bai ko kalli kwamfutar ba. Ya naɗe babbar rigarsa, ya durƙusa, ya kama waya da hannu yana binta kamar mai bin sawun ɓarawo. Ta bi bango ya bi, ta shiga bayan kabad ya shiga, har ta kai shi ga suwic, ɗan akwatin da wayoyin dukkan kwamfutocin ke haɗuwa a jikinsa. Akwatin a mace yake, ko fitila ɗaya ba ta ƙyaftawa. Ya bi igiyar wutarsa, sai ga kanta yashe a ƙasa. A cikin soket ɗin kuwa caja ce, da wata zabgegiyar wayar hannu tana shan wuta hankali kwance.

"Wagga ta wa ta?" in ji Sanda.

Manaja ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu.

Sanda ya zare cajar, ya mayar da igiyar suwic, fitilu suka fara rawa. Ya miƙa wa manaja wayarsa da hannu biyu, cikin ladabi.

"Ranka shi daɗe, ga ta, ta cika. Kuma gaskiyarka, ka duba waya. Ba ka dai duba wadda nic ce ba."

Haka muka juyo. Aikin duka bai kai tsawon gaisuwar ba.

Sai maganar tattali. Kai! Ban taɓa ganin mutumin da zubar da abu ke yi wa ciwo kamar Sanda ba. Kun tuna kular nan ja da yake ɗaurewa a bayan mashin? Da yawa sun ɗauka abinci Luba matarsa ke zubo masa. Wani ma'aikacina ya taɓa wanke hannu da azahar ya buɗe ta, yana tsammanin tuwo, sai ya tarar da katunan netwok jere, kowanne naɗe cikin ledar burodi. Ga wanda bai sani ba, katin netwok wani ɗan faifai ne kore kamar tafin hannu, ana soka shi a cikin kwamfuta, a jikinsa ramin da waya ke shiga yake. Shi ne bakin kwamfuta, in babu shi ba ta magana da kowa. Duk kwamfutar da ta mutu a ƙasar nan, sai Sanda ya je ya cire mata kati kafin a jefar da gawar.

Wayar da ta lalace ma ba ta tsira. Igiyar shanyar Luba wayar netwok ce. Gugan rijiyarsu da ita aka ɗaure. Akuyoyinsa kuwa kowace da shuɗiyar waya a ƙafa. Na ce masa, "Ɗan Gwaggo, ko igiyar turke ba ka iya saye?" Ya nuna mini wata jar akuya da ke ta fizga.

"Ka gan ta nan? Bisa layi take. Ba ta zuwa ko'ina."

To wannan tattalin nasa ne ya kusa rufe mini cibiya, kuma shi ne labarin da aka fi sa ni maimaitawa.

Lokacin da zan fara karɓar masu jarrabawa, aka ce sai na tanadi saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗiban komai daga wurinta. Akwai wata manhaja da ake sa wa saba ta raba cikinta ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki ya zama kamar kwamfuta mai zaman kanta. Ɗaya na riƙe da tambayoyi, ɗaya na riƙe da sunayen ɗalibai, ɗaya na raba wa kwamfutocin zaure adireshi. Sanda gidan haya yake ce mata. Ya ce 'yan haya komai yawansu ƙofa ɗaya suke bi, ƙofar kuwa ita ce katin netwok.

Ni na yi niyyar in je Kano in sayo saba ta gaske, irin mai nauyin nan da ake ɗauka mutum biyu. Sanda ya ce sam.

"Ƙarhe dai ƙarhe na, Ɗan Kawu. Kawo waccan da ke kwance ga lungu, in ƙara mata ƙwaƙwalwa, ka ga aiki."

Ya ɗauko wata kwamfuta ta talakawa, ya ƙara mata abin da zai ƙara, ya soka filashi ya fara zuba mata manhajar. Tana cikin tafiya sai ta tsaya cak, ta rubuto cewa ba ta ga katin netwok ba, kuma ba za ta ci gaba ba sai an sa. Alhali ga kati nan a jikin kwamfutar, ga waya a soke, ga 'yar fitilarsa tana ƙyaftawa. Sanda ya leƙa baya, ya dawo ya kalli rubutun, ya sake leƙawa.

"Makauniya ta?"

Daga baya ya gane ba makanta ba ce, girman kai ne. Ita manhajar ba kowane kati take kulawa ba. An gina ta don manyan sabobi, katunansu kaɗai ta sani. Irin namu na kasuwa ko gaisuwarsu ba ta amsawa. Na ce to shi ke nan, a sayo wanda ta sani mana.

"Kati lahiya lau, shina da ransa, a tahi a sawo wani don wata manhaja ta ɗaga hanci? Ba da ni ba!"

Ya tare a ofishina kwanaki, yana tonon intanet yana shan shayina. A ƙarshe ya samo wata 'yar ƙaramar manhaja da masu sana'ar ke kira direba, shi kuma yana ce mata tafinta, don ita ke fassara tsakanin kati da saba. Wani bawan Allah ne a wata ƙasa ya rubuta ta don sha'awa, ya saka wa duniya kyauta. Kalmar kyauta ita ce ta ƙarasa sace zuciyar Sanda. Ya cusa tafintar cikin filashi, ya sake zubawa, sai ga manhaja ta karɓi katin kamar ba ita ba. Ranar har tafiyarsa ta canza. Kafin ya hau mashin ya ɗaga mini yatsa.

"Abu guda. Kada a sabunta ta. Ko ta roƙe ka, ko ta yi maka kuka, kada ka sabunta ta. Ran da anka sabunta ta, ta mance da tahinta."

Gaskiya ta yi aiki, ta daɗe tana yi, ba zan ci amanarsa ba. Sai wata shekara, ana gab da jarrabawar shiga manyan makarantu, jami'in da ke duba cibiyoyi ya zo. Mutum ne mai natsuwa. Ya duba komai, ya ce manhajar sabarmu ta tsufa, an gano tana da ɓaraka, ba za a turo mana tambayoyi ba sai an sabunta ta. Na kira Sanda, ya zo ya yi ta kawo hujjoji har da na tarihi. Jami'in ya bari ya gama, ya ce, "Injiniya, na fahimce ka. Amma ƙa'ida ce, ba ni na kafa ta ba."

Sanda ya yi ta jan ƙafa har sai da ya rage gobe jarrabawa. Da hantsi ya zauna ya sabunta ta da hannunsa, yana gunaguni. Aka kashe, aka kunna. Fanka ta juya, fitilu suka kama, komai na gurnani yadda ya saba. Sai ga tsohon rubutun nan ya dawo: babu katin netwok. Sabuwar manhajar ta daina jin yaren tafintar gaba ɗaya. 'Yan haya duk suna ciki lafiya lau, amma an toshe ƙofar gida. Kwamfutocin zaure kuwa, ko ɗaya ba ta ganin saba.

A lokacin har ɗalibai sun fara isowa gari. Daga Garbadu, daga Jangebe, daga Birnin Tudu, wasu a motar kasuwa, wasu a bayan mashin, sun sauka gidajen dangi don kada safiya ta yi musu a hanya. Iyaye na tsaye bakin get da 'ya'yansu mata suna tambayar ƙarfe nawa za a fara. In cibiyar ta gaza, sai dai a watsa yaran nan wasu garuruwa masu nisa, a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu, kuma na san akwai iyayen da ba za su bari ba. Shekarar yaro ta tafi ke nan. Ni kuma ba za a sake ba ni jarrabawa ba.

Sanda bai nuna ko a jikinsa ba. Ya sa aka shigo da jar kula. Ya buɗe, ya fara warware ledojin burodi, kowane kati sai ya gabatar da shi tukuna.

"Wanga daga kwamhutar wani alƙali nic cire shi. Bai taɓa ƙarya ba."

Aka kashe saba, aka kwance, aka soka, aka kunna. Manhaja ta ce ba ta san shi ba.

"To wanga. Ruwa ya ci ohis ɗinsu, komi ya mutu, shi kaɗai yat tsira."

Shi ma ta ce ba ta san shi ba.

Haka muka yi ta yi. A kashe, a kwance, a soka, a kunna, a jira. Muka yi sallar azahar muka dawo, ledoji suna ta taruwa a ƙasa, kular tana ta yin fayau. Ni kuma ina gefe ina kiran masu shaguna. Na Gusau suka ce ba su ajiye irinsa, ba mai tambaya. Na Sakkwato ya ce sai dai ya yi oda. Na Kano ya ce akwai, zai sa a mota, ya iso bayan an gama jarrabawa. Da aka ciro katin ƙarshe daga kula shi ma aka ƙi shi, na juya na gaya wa Ɗan Gwaggo maganganun da ba zan rubuta a nan ba, don akwai 'ya'yansa cikin masu karatu.

Bai rama ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar. Ya daɗe yana kallon sabar kamar mai shawarar sayar da gona. Sannan ya ce, "Ina zuwa," ya fita. Muka ji ƙarar mashin ta nufi hanyar Bakura.

Bayan la'asar sosai sai ga shi, da wani ƙunshi cikin ƙyallen shadda. Yana warwarewa ƙamshin turare ya cika ɗakin, don a ƙasan akwatin kayan sallarsa abin yake kwance. Kati ne sabo fil, cikin ledarsa mai ƙyalli ko ɓarewa ba a yi ba. Mai nauyi, mai ramin waya biyu, ainihin irin na manyan sabobi. Ashe wasu masu aikin shimfiɗa waya ne da ya taɓa yi wa aiki suka ba shi da za su tashi, tun kafin in yi mafarkin buɗe cibiya.

Na ce, "Tsaya. Tun ran da munka haɗa wagga saba kana da wanga?"

"Awo."

"Ka zauna ka shanye min shayi kana neman tahinta, wanga na kwance ga akwati?"

"Awo."

"Yau tun hantsi kana gwada min katin alƙali?"

"Ɗan Kawu, ajiya ta hwa. In na sa shi, ba ni da ajiya ke nan."

Wallahi da ba ɗan gwaggona ba ne, da kular nan zan kife masa a ka.

Ya yi bisimilla ya ɓare ledar, fuskarsa kamar mai aurar da 'yar fari. Ya soka katin, ya mayar da waya, ya kunna. Manhaja ta karɓe shi nan take, har da rubuto cikakken sunansa. Sanda ya naɗe hannu a ƙirji ya ce a je zaure a duba. Aka je aka dawo. Babu. Har yanzu ko kwamfuta ɗaya ba ta ganin saba.

Nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba: Sanda ya rikice. Ya ja kujera ya duƙufa kan allo, yana buɗe wannan yana rufe wancan, ya goge adireshi ya sake rubutawa, ya kashe ya kunna. Zufa na ɗiga daga gemunsa. Rana tana ta yin ƙasa, ana jiyo muryoyin iyaye daga bakin get. Ni ban san komai a wannan fannin ba, har gobe. Haushi ne kawai da neman tsokana suka sa na matsa kusa da kunnensa, na kwaikwayi muryarsa, na ce:

"Ɗan Gwaggo, ka duba waya?"

Yatsunsa suka tsaya. Bai kalle ni ba. Ya miƙe a hankali, ya zagaya bayan sabar, ya durƙusa. Ashe cikin ramuka biyun nan na sabon kati, manhaja na sauraro ta ɗaya, shi kuma ya soka waya a ɗayan. Sai muka ji ɗan ƙas! Kafin ya miƙe, wani ya kwarma ihu daga zaure: "Ta hau! Wallahi ta hau!"

Ya fito yana kaɗe gwiwar wandonsa, ya gyara hula, ya dube ni sama da ƙasa.

"Gwada ka nikai. In gani ko ka koyi wani abu ga zamanka da ni."

Aka yi jarrabawa lafiya, yara suka koma gidajensu. Amma kafin ya tafi sai da ya tara ma'aikatana ya shaida musu cewa katin nan aro ne, ba kyauta ba. Daga nan kuma duk ranar Talata, in ya gama cin kasuwa, sai ya biyo. Ni gaisuwata a tsaye yake yinta, a gajarce, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Sai ya wuce ɗakin saba da tocila, ya durƙusa, ya haska katinsa, ya hure masa ƙura, ya tambayi ko fanka na kai masa iska. Da abin ya ishe ni, na sa aka kawo mini irinsa daga Kano, na ce ga nawa ya zo, ya cire nasa ya mayar akwati kowa ya huta. Ya juya sabon a hannu, ya leƙa nasa, ya girgiza kai.

"A'a, bar shi nan. Ya saba da wurin. Kawo wanga in aje maka."

Ya naɗe shi cikin ƙyallen shadda ya tafi da shi.

Labari na ƙarshe da zan ba ku shi ne na lokacin da gwamnati ta rufe layukan waya a jihar nan gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Kowa ya tuna, har mutane na shiga mota su bar jiha don kawai su ji muryar ɗan'uwa. To Sanda ba ya sauraron rediyo, ya ce surutu ne. Da ya ga wayarsa babu sabis, sai ya ɗora wa tsufanta laifi. Washegarin rufewar na je Bakura gaishe da Gwaggo, aka ce mini yana ofishin wata ƙungiyar manoman shinkafa, wai 'yar sabarsu ta daina hawa intanet. Na same shi a durƙushe, kai a ƙarƙashin tebur. Shugaban ƙungiyar, wani Alhaji dattijo, yana waje gindin bishiya da mutanensa, kowa riƙe da matacciyar waya.

Na ce, "Ɗan Gwaggo, tashi ka huta. Gwamnati ta ruhe netwok, jiha duka. An hwaɗi ga rediyo."

"Na jiya. Riƙe min tocila."

"Ba ka gane ba. Babu netwok ko'ina, har gidan gwamna."

"Na ce na jiya. Haska nan."

Na haska. Ya bi waya daga farko har ƙarshe. Ya yanke kanta ya sake matse sabo. Ya gwada suwic rami bayan rami. Ya aika aka ɗauko jar kula, ya canza kati. Ya ciro layin wayar da ke cikin na'urar da ke kawo musu intanet, ya goge shi da bakin riga, ya hura, ya mayar. Da duk wannan bai yi ba, sai ya jona wata doguwar waya, ya sa aka kawo tsani, ya hau rufin ofis da babbar riga, na'ura a hannu, yana ɗaga ta gabas yana ɗaga ta yamma. Dattawa na ƙasa suna kallo, babu mai hana shi, don sun san shi.

Sai da aka kira azahar ya sauko. Ya wanke hannu, ya gyara riga, ya je gaban Alhaji ya yi gyaran murya.

"Alhaji, alhamdu lillahi, na gano matsala. Ba daga wurinmu take ba. Daga can sama ta."

Alhaji ya ce, "Injiniya, ai abin da ɗan'uwanka yac ce ke nan tun da sahe."

"Shi ji yay yi. Ni tabbatarwa niy yi."

Haka Sanda yake. Ba a taɓa kayar da shi a magana ba, ko da kuwa yana kwance a ƙasa.

Ciwon da ya tafi da shi bayan damina ya fara, kamar wasa. Ya yi ta cewa gajiya ce, har Luba ta haɗa ni da shi muka sa shi a mota dole muka kai shi asibiti Gusau. Ya daɗe a can. Zuwana na ƙarshe na tafi masa da lemo da ayaba cikin leda. Ya rame ƙwarai, murya ta yi ƙasa, amma yana ganin ledar ya ɗaga kai.

"Wa za ya ci wanga duka? Ɓanna dai. Raba biyu ka kai ma na gadon can."

Na raba na kai. Na dawo na zauna, muka yi hirar gona, da ta Gwaggo, da ta auren babbar 'yarsa da ake shiri. Can sai ya kamo hannuna.

"Ɗan Kawu, mun yi wasa da yawa ni da kai. In akwai inda niw wuce wuri, ka yahe min."

Na ce, "Ban yahe ba. Sai ka tashi ka zo Mahwara da ƙahwarka, ka durƙusa gaban mutane ka roƙa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "To riƙe abinka. Ni dai na yahe maka. Ka ga na riga ka, kamar kullum."

Na zauna har aka ce masu dubiya su fita. Na kai bakin ƙofa, na juyo. Idonsa a rufe. Na kira shi da sunansa na yanka, abin da ban taɓa yi ba tun muna yara, na ce, "Ummaru, na yahe. Duniya da lahira." Bai buɗe ido ba. Ya dai ɗaga hannu ɗaya kaɗan daga kan bargo, ya mayar.

Kafin mako ya zagayo aka kira ni da asuba. A Bakura muka kai shi, kusa da mahaifinsa.

Allah Ya jiƙan Ummaru, Ya gafarta masa, Ya sa kabarinsa ya zama wurin hutu. Allah Ya ba Gwaggo da Luba haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.